Makaho da gyaran gida: famfo, soket da huda bango, da wane kayan aiki?

Mai Sanda ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni makaho ne, ko haske ba na gani, wayata Android ce da TalkBack, manhajar da ke karanta mini allo. Ayyuka uku ne a gabana. Famfon tsakar gida yana ɗiga dare da rana. Soket ɗaya a falo ya tsage kuma yana ɗaukar zafi. Sannan ina so in kafa kanta a bangon kicin. Gidan na bulo ne, ruwa daga tankin sama yake saukowa, wuta kuwa akwai ta Nepa, akwai janareta, akwai ƙaramin inbata. Don Allah waɗanda suka san aikin su faɗa mini yadda ake yin kowanne da hannu da kunne, da kayan da ya kamata in saya, da manhajojin waya da suke da amfani da gaske. Idan akwai wanda bai kamata in taɓa ba, a faɗa mini dalili, kada a ce mini kawai "kira mai gyara".

Fulamban Unguwa ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Fara da famfo, domin ko mai ido rabin aikin famfo da yatsa yake yin sa.

Kafin ka ɗauki sifana, gano daga inda ruwan yake fita. Goge famfon da tsumma ya bushe, ka rufe shi, ka bi shi da yatsa. Idan daga baki yake ɗiga, roba ce ta ciki ta cinye. Idan daga wuyan sandar da ke ƙarƙashin mariƙi yake tsattsafowa, musamman lokacin da aka buɗe, ƙaramin notin wuyan ne ya saki, kuma sau da yawa kwatan juyi da sifana ya isa. Idan kuma daga inda famfon ya shiga bango ne, farin tef ɗin zare ne ya gaza. Gyara uku ne daban, kada a haɗa su.

Sai ka murɗa mariƙin ka ji irinsa. Wanda ake juyawa sau uku ko huɗu kafin ya rufe, shi ne mai roba. Wanda kwatan juyi kawai yake yi ya tsaya cak, babu robar da za ka canza a cikinsa ta yi maganin ɗigar baki, sai dai a sauya cikin gaba ɗaya, kuma a irin famfunan tsakar gida masu araha sayen sabo ya fi sauƙi.

Rufe bawul ɗin da ke ƙarƙashin tanki, ka buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan, ka saurara har ƙarar ruwan ta mutu. Idan bayan minti biyar yana zuba siriri, bawul ɗin ba ya rufewa duka. Irin mai kan taya ya saba haka, yashin rijiyar burtsatse yana taruwa a ramin da ƙofarsa take zama. Buɗe shi ka rufe sau uku, yashin yakan wuce. Kada ka sa masa sifana, sandarsa za ta karye a ciki, kan ya riƙa juyawa a banza.

Toshe magudanar ruwa da tsumma, don sukurun da ya faɗa can ya tafi ke nan. Samo kiret ɗin ƙwai ka ajiye a gefen damanka. Duk abin da ka kwance, sa shi a rami na gaba, daga hagu zuwa dama. Wajen mayarwa sai ka biyo daga dama zuwa hagu. Wannan kiret ya fi duk wata manhaja amfani a aikin famfo.

Cire mariƙin, akwai sukuru a samansa, wani lokaci a ƙarƙashin ɗan murfin roba. Ƙasa da shi za ka ji babban noti mai gefe shida. Sifana biyu za ka riƙe: ɗaya ta kama jikin famfon ta hana shi motsi, ɗaya ta kwance notin zuwa hagu. Wannan shi ne wurin da ake ɓarna. Yawancin gidajenmu bututun roba ne a cikin bango, idan ka murɗa da sifana ɗaya ƙarfin yana tafiya kan mahaɗin da ke binne, ya tsage, aikin roba ɗaya ya koma fasa filasta. Idan cikin ya fito, a ƙarshensa za ka ji robar, faifai ƙarami, ko dai ɗan noti ya riƙe ta ko an cusa ta a kan ɗan tsini. Tsohuwa za ka ji ta da zurfin zobe a tsakiya ko ta yi tauri kamar ƙashi. Tafi da ita shago a ba ka irinta, ta rabin inci.

Kafin ka mayar, zura ƙaramin yatsa cikin jikin famfon ka zagaya da farce a kan zoben da robar take zama. Ya kamata ya zama sumul. Idan farce ya sarƙe a wani ɗan tsagi, ruwa da yashi sun ci ƙarfen, kuma sabuwar roba ba za ta yi sati biyu ba. Canza famfon.

Wajen sayen sabo akwai abin da yake rikita mai awo: zaren famfon da ake kira rabin inci, idan ka auna kaurinsa za ka samu wajen milimita 21, na inci uku bisa huɗu kuma wajen 26. Sunan ba na zaren ba ne, na bututun ne. Mafi sauƙi ka sa tsohon a aljihu.

Naɗin farin tef: riƙe famfon a hannun hagu, bakin zaren yana kallonka, ka naɗa zuwa dama, yadda agogo yake tafiya. Idan ka naɗa a juye, tef ɗin warwarewa zai yi yayin ɗaurawa. Bar zaren farko a buɗe, ka ja tef ɗin da ɗan ƙarfi har ka riƙa jin tudun zaren ta cikinsa, zagaye goma zuwa goma sha biyar. Wajen sakawa, fara juyawa baya a hankali har ka ji ɗan ƙas, alamar zare ya haɗu da zare, sannan ka juya gaba da hannu. Idan ya yi tauri tun juyin farko, ya hau a karkace, fito da shi. Ɗaure har bakin ya kalli ƙasa ka tsaya. Idan ka wuce, kada ka dawo baya don daidaitawa, zai yi yoyo. Kwance duka ka sake naɗi da ƙarin zagaye biyu.

Gwaji kuwa kada ka yarda da yatsa shi kaɗai, ƙarfe mai sanyi yana yi wa fata kamar jiƙe yake. Naɗa takardar goge hannu a mahaɗin, ka kifa gwangwanin madara a ƙarƙashin baki, ka ba shi minti goma. Ɗigo ɗaya a bayan gwangwani ana jin sa daga ɗaki, takarda kuma idan ta jiƙe tana narkewa a hannu.

Malama Mai VoiceOver ta rubuta:

Ɗan'uwa, game da waya, ka raba abin gida biyu: manhajar da take karanta rubutu, da mutumin da yake kallo ta kyamararka.

Na karatu akwai Lookout na Google, wanda aka yi don Android, da Seeing AI na Microsoft, wanda ya fara a iPhone a 2017 ya zo Android a ƙarshen 2023. Suna karanta abin da aka buga a kwali da jikin kaya: girman fisha, wato robar da ake cusawa a ramin bango don sukuru ya kama, lambar fis, wat ɗin ƙwan fitila, takardar bayanin injin huda. Be My Eyes kuma, wanda wani mai raunin gani ɗan Denmark, Hans Jørgen Wiberg, ya kafa ya fito a 2015, yana haɗa ka da ɗan sa-kai ta kiran bidiyo kyauta, kuma tun 2023 akwai Be My AI a cikinsa da yake bayyana hoto ka yi masa tambaya.

Ga inda suke ba da kunya. Haruffan da aka tono a jikin farar roba, irin L da N da E na bayan soket, launinsu ɗaya da robar, kyamara ba ta cika kama su ba sai ka haska fitila daga gefe inuwa ta fito. Lambobin fuskar mita ma haka, ɗigon da ke tsakanin lamba yana ɓacewa, 2.30 ta koma 230. Launi kuma shi ne mafi muni: ruwan ƙasa da baƙi, ko ja da ya sha zafi, manhaja tana musanya su, kuma ba za ta ce maka tana shakka ba, da gaba gaɗi za ta faɗa. Don haka duk abin da ranka ya rataya a kansa, mutum ne zai duba, ba manhaja ba. Ɗan sa-kan Be My Eyes zai faɗa maka launi daidai, amma ba lallai ya san wuta ba. Kiran bidiyo na WhatsApp da wanda ya san aikin ya fi.

Wajen nuna kyamara, ɗora yatsan hagu kusa da abin, ka sa kyamarar a kan yatsan, ka ja wayar baya kamar taƙi ɗaya, ka kunna fitilarta ko da rana ce. Mu da ba ma gani mantawa muke yi cewa ɗakin yana iya zama da duhu.

Mai Testa ya rubuta:

Malam, soket makaho yana iya canza shi, amma sharaɗin yana da nauyi, kuma gidanka mai hanyar wuta uku ya fi na kowa buƙatarsa.

Testa mai kama da sukudireba, mai ɗan ƙwai a ciki, ba naka ba ne, haske kawai yake bayarwa. Abin da za ka saya biyu ne. Na farko alƙalamin gwajin wuta mai ƙara, wanda ake kusantar da kansa na roba ga waya ba tare da taɓa ƙarfe ba, ya yi ƙara ko ya girgiza. Na biyu mita mai ƙarar haɗuwa, wadda idan tsinkenta biyu suka haɗu ta hanyar waya take yin tii. A mitar, ƙirga ƙas nawa ne daga kashe zuwa wurin ƙarar, ka ɗiga gam a wajen ya bushe ya zama tudu. Ramin da aka rubuta 10A kuma ka liƙe shi da tef har abada, domin tsinke a wannan rami idan ya taɓa wuta gajeren haɗi ne kai tsaye. Ƙarar haɗuwa a kan wayar da babu wuta kaɗai ake amfani da ita.

Alƙalamin yana ƙarya ta fuska biyu. Yana iya yin ƙara a kan matacciyar waya saboda tana kwance kusa da mai rai. Yana kuma iya yin shiru a kan mai rai idan batirinsa ya yi sanyi ko wayar tana cikin bututun ƙarfe. Wutar batirin inbata da ta farantin sola kuwa ba ya jin ta sam. Shi ya sa ake gwada shi a soket mai rai, a gwada wurin aiki, a koma a sake gwada shi a mai rai.

Babban tarkon ƙasar nan shi ne yin aiki lokacin da aka ɗauke wuta. Komai shiru, alƙalami shiru, hannunka yana kan tagulla sai a kawo. Bolt 230 ba ya sallama. Don haka kashewar ana yin ta ne lokacin da akwai wuta, don ka ji mutuwarta da kunnenka. Jona rediyo marar batir a soket ɗin, ko fanka, ko cajar waya tunda TalkBack yana sanar da kai idan caji ya tsaya. Je akwatin bireka ka riƙa sauke su ɗaya bayan ɗaya har rediyon ya yi shiru, ka ɗaura wa wannan birekar zare don gaba.

Amma kada ka tsaya nan. Ƙaramar bireka waya ɗaya take yankewa. Idan wanda ya yi wayarin gidan ya juya mai rai da ta dawowa, abin da ake samu ba sau ɗaya ba, rediyo zai yi shiru alhali wayar da ke bayan soket tana ɗauke da wuta. Sauke babban makunnin gidan, ka kai canja-oba tsakiya, ka kashe janareta, ka kashe inbata daga jikinsa ka yanke fitarsa. Sau da yawa soket ɗin falo yana kan layin inbata, wanda babban makunni bai san da zamansa ba. Liƙe makunnan da tef, ka gaya wa duk mutanen gida, domin mai ido yana hango yaro ya nufi akwatin, kai ba za ka hango ba. Fis ɗin kat-awut da ke wajen mitar Nepa kuwa kada ka zare shi da lalube, haƙoransa na ciki tsirara suke kuma kullum da rai.

Yanzu sabon soket. Irin na Ingila muke amfani da shi, mai ƙafa uku: idan kana fuskantarsa, rami na sama na wayar kariya ne, wadda ake kira ta ƙasa, na dama mai rai, na hagu na dawowa. Ta baya kuwa kowane kamfani da inda yake ajiye sukurorinsa, kada ka ɗauka sabo zai zo kamar tsoho. Ga yadda za ka gane ba tare da ido ba. Ɗauki kan fulogi da ba a haɗa da komai ba, cire murfinsa, ka cusa shi a sabon soket ɗin yana kan tebur, ka kunna makunnin soket ɗin. Ɗora tsinken mita ɗaya a kan fis ɗin fulogin, ɗayan ka bi sukurorin baya da shi. Wanda ya yi ƙara shi ne L, wato mai rai. Koma kan doguwar ƙafa ta sama, wanda ya yi ƙara shi ne E, na ƙasa. Na ukun N, na dawowa. Yi wa L alama da ɗigon gam ko guntun tef. Wannan dabarar tana aiki a tsohon soket ma bayan an kashe komai.

Kwance sukurori biyu na fuskar tsohon soket ɗin, ka jawo shi a hankali, ka zagaya da alƙalami a cikin akwatin kafin yatsa ya shiga. Kada ka kwance wayoyin gaba ɗaya. Gano L, ka naɗa wa wayarta zoben tef ɗaya, N zobe biyu, E zobe uku, sannan ka kwance. Za ka iya samun waya biyu a rami ɗaya, ɗaya tana wucewa soket na gaba; naɗe su tare su koma tare. Launi a ƙa'ida ja ko ruwan ƙasa ne mai rai, baƙi ko shuɗi na dawowa, kore ko kore da rawaya na ƙasa, amma masu wayarin da yawa abin da ya rage a nadi suke ja, don haka ko mai ido bai kamata ya rantse da launi ba.

Zafin da kake ji daga sukurun da ya saki ne ko haƙoran ciki da suka buɗe. Taɓa ƙarshen wayar: idan robarta ta yi tauri tana farfashewa, tagullar kuma ta yi kaushi, yanke har inda roba take da laushi, ka feƙe kamar milimita 10 da abin feƙe waya mai ramuka, a ramin 2.5, kaurin wayar soket ke nan. Reza tana yi wa tagulla rauni ta karye daga baya. Ɗaure sosai, ka ja kowace waya ka ji ba ta zamewa, ka shafa ka tabbatar babu tagulla a waje kuma sukuru bai hau kan roba ba. Wajen mayarwa lanƙwasa wayoyin gefe don sukurun fuska kada ya huda su.

Idan an dawo da wuta, kashe makunnin soket ɗin ka kunna, alƙalami ya yi ƙara a ramin dama, ya yi shiru ko ya rage sosai a hagu. Idan akasin haka ne, layin a juye yake tun asali. Nan, da inda wayar ta ƙone har cikin bututu ko ta gajarce, da duk abin da ke cikin akwatin bireka, aikin mai gyaran wuta ne.

Mai Sanda ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. Dabarar fulogin nan ta shige ni. To fis ɗin cikin fulogi fa, yaya zan bambanta su? Kuma har yanzu ina jiran maganar kanta.

Mai Testa ya rubuta:

Ba za ka bambanta su da hannu ba, duk tsawonsu ɗaya, wajen milimita 25. Launi da lamba ne suka raba su: na amfiya 3 ja, na 13 ruwan ƙasa. Na 3 na kayan da ba su wuce wat 700 ba ne, irin fitila da rediyo. Na 13 na dutsen guga da butar lantarki, har wajen wat 3000. Sa a karanta maka tun a shago, ka zuba su a kwalaye biyu, ka ɗaura wa ɗaya roba. Sanin ko fis ya ƙone kuwa, tsinken mita a kowane gefe: ƙara lafiya, shiru ya mutu. Kada a naɗa masa waya ko takardar sigari.

Kafinta Ɗan Ƙofar Ruwa ya rubuta:

Sannunku da aiki. Ni a ganina Mai Testa ya yi wa soket sauƙi, da an samu mai ido a tsaye a gefe a karon farko da ya fi, ko don ya duba baƙin ƙuna a cikin akwatin, abin da yatsa ba ya ji. Amma bari in zo kan kanta.

Awo tukuna. Akwai tef mai magana na mita 5 da ake kawowa daga Ingila, yana faɗin tsawo da murya, sai dai tsada, kuma ƙurar siminti tana rikita shi. Makafin kafintoci a Amurka sun fi dogara da wata sandar awo mai zare wadda take yin ƙas a kowane kashi ɗaya cikin goma sha shida na inci. Kana iya haɗa 'yar'uwarta da kuɗi kaɗan: sayi dogon bol mai zare tun daga sama har ƙasa, na M6, da noti biyu. Zaren M6 tazararsa milimita 1 ce daidai, wato juyi ɗaya na noti milimita ɗaya. Yi wa gefe ɗaya na notin tsagi da zarto don ka riƙa ƙirga juyi, noti na biyu kuma shi ne makulli. Kada a ba ka M8, nasa 1.25 ne, lissafi zai ɓaci.

Amma gaskiya a yawancin aiki ba ka buƙatar lamba. Kana buƙatar tsawon nan ya koma can. Siririn katako da ka yi wa tsagi da wuƙa ya wadatar. Alama kuma ba fensir ba, rami: ƙusa da bugun guduma ɗaya a filasta, yatsa zai same shi, bakin abin huda ma zai zauna a ciki ba zai zame ba.

Kafin huda, bi bangon da hannu ka gano duk soket da makunni da famfo, har na ɗaya gefen bangon. Kada ka huda sama da su ko ƙasa da su ko a layinsu ta gefe, nan bututun waya yake bi. Akwai na'urar gano waya a bango mai ƙara. Waya a bututun roba ba ta jin ta sosai sai da wuta a ciki, don haka bincike ana yin sa da wuta, hudar kuma bayan an kashe layin, da injin batir ko da wayar da ka jawo kai tsaye daga janareta. A kicin ka yi hattara ninki biyu, bututun ruwa na roba babu na'urar arha da take jin sa.

Ƙwanƙwasa bangon da ƙotar sukudireba. Bulo rami biyu ne da shi a ciki: inda ya yi kwam-kwam rami ne, inda sautin ya mutu haƙarƙarin bulon ne ko layin siminti. Sukuru ya fi riƙo a inda sautin ya mutu. A wurin rami, naman da ke akwai filasta ne da fatar bulo, abin da bai fi santimita huɗu ba, kuma idan ka bar injin a kan bugu zai ɓarke bayan fatar, fisha ta rasa abin kamawa. Fara da juyi kawai, sai ya ƙi ci sannan ka sa bugu.

Don kantar kicin, fisha mai milimita 8, bakin huda na siminti mai milimita 8, sukuru mai kaurin 5 da tsawon 60. Bakin siminti za ka gane shi da ɗan faffaɗan kai kamar kibiya, na ƙarfe kuwa kaifi ne har gefe. Zurfin rami ya fi fisha da milimita 10. Masu ido tef suke naɗawa a bakin, kai yanko guntun tiyo ka zura a jikinsa ya bar tsawon da kake so kawai, idan tiyo ya taɓa bango injin ya daina shiga. Don ramin ya tafi a miƙe, sa kafinta ya huda maka guntun katako mai kaurin santimita 5 a injin tebur. Ka manna shi a bango, bakin ya bi ta cikinsa, sai dai ka lissafa kaurinsa a tsawon bakin. Kada ka sa safar hannu, injin yana naɗe ta. Kada yatsa ya je duba rami sai injin ya tsaya cik, kuma bakin yana da zafi. Tabarau na kariya ka sa, tsakuwa a idon da ba ya gani ma ciwo ne da asibiti. Ƙarar injin tana toshe maka kunne, don haka a fitar da yara a rufe ƙofa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne huda ramuka huɗu a tashi ɗaya. Huda ɗaya tak, na saman ƙafar hagu cikin ƙafafu biyun da za su ɗauki katakon kantar. Hura ƙurar da tiyo, fuskarka a gefe, ka buga fisha ta shige daidai da bango, ka ɗaura ƙafar sako-sako. Rataya zare da noti daga sukurun, ka daidaita gefen ƙafar da zaren da yatsa, sannan ka zura ƙusa ta ramin ƙasa ka buga alama. Bayan ta ɗauru, ɗora katakon a kanta, ka riƙe ƙafar dama a ƙarƙashinsa kana ɗagawa kana saukewa. Kada ka auna daga ƙasa, daɓen kicin da gangan ake karkata shi don ruwa ya gangara.

Daidaiton kuwa hanya biyu. Ko ka ɗora waya a kan katakon da manhajar awon karkata da mai karanta allo yake faɗin digirinta. A iPhone tana cikin Measure, a Android sai ka gwada biyu ko uku ka ga wadda TalkBack yake karantawa. Cire rigar wayar, kuma ka tsayar da ita a gefen da babu maɓalli, tudun kyamara yana ƙara digiri. Ko kuma ka samo ƙwallon boris wajen bakanike, ka ɗora a tsakiyar katakon, kunnenka zai gaya maka inda ya gangara. Ɗaga wannan gefen kaɗan-kaɗan har ƙwallon ya zauna. Idan ya zauna, danne ƙafar da tafin hannu, ka sa wani ya buga alamar ko ka tokare katakon da sanda ka buga da kanka.

Idan rami ya yi faɗi fisha tana juyawa, kada ka cusa ashana. Koma fisha 10 da bakin 10 a ramin nan, ko ka cike shi da siminti ka ba shi kwana biyu. Kafin tukwane su hau, ɗora jarkar ruwa mai lita 10 a tsakiya ta kwana, da safe ka zura farce tsakanin saman ƙafar da bango ka ji ko ta buɗe.